RUMFAR ABINCI A BAKIN TEKU: A GAYA WA BAƘO KIFIN INA NE

A tsakiyar Tekun Pasifik akwai waɗansu tsibirai da a ke kira Hawayi. Nisansu daga gaɓar Amurka ta yamma ya yi kusan mil 2,400, tsakaninsu da mu kuwa sa'a 11 ce, watau sa'ad da mu ke kwance da ƙarfe 11 na dare, can rana ta take tsaka, mutane na neman abin da za su sa a baka. Jama'ar ƙasar ba ta kai miliyan ɗaya da rabi ba, amma cikin shekarar 2019 kaɗai baƙin da suka je shan iska sun haura miliyan 10. Ashe ke nan kowane mutum ɗaya na ƙasar ya karɓi baƙi bakwai. Galibinsu kuwa ba abin da ya kai su sai wanka cikin teku da kwanciya bisa rairayi.

To, mai wanka ba ya rasa jin yunwa. Saboda haka a Waikiki ta birnin Honolulu, da sauran garuruwan da ke bakin ruwa, an kakkafa ƙananan wuraren cin abinci, wani ɗaki guda ne da taga, wani mota ce aka gyara. Ba mai raka ka wurin zama, ba mai duban tufafinka. Baƙo ya kan fito daga ruwa, ƙafa duk rairayi, ya shiga layi, ya nuna abin da ya ke so, a zuba masa cikin kwanon takarda, ya koma gindin kwakwa ya ci. Abinci iri biyu ne ya fi tashe a waɗannan rumfuna. Na farko shi ne poke, watau ɗanyen kifi da aka yayyanka ƙanana kamar tsokar tsire, aka cuɗa da gishiri da albasa da man riɗi, a kan ɗora shi bisa shinkafa. Na biyu shi ne sanwici, watau burodi da aka tsaga aka sa nama ko kifi da ganye a tsakani.

Wani zai ce mene ne abin ɓata takarda a kan rumfar mai kifi? Muna ganin akwai. Baƙon da ya ga an rubuta poke a allo, ga teku kuma a gabansa, ya kan ɗauka kifin da ya ke ci daga ruwan nan aka fid da shi. Sau da yawa ba haka ba ne. Ra'ayinmu shi ne, wajibi ne mai rumfa ya rubuta a fili inda kifinsa ya fito, da ko sabo ne ko daskararre, wajibi ne kuma baƙo ya tambaya, ya yarda ya biya kuɗin gaskiya. Ga dalilanmu.

ABINCI BIYU, TARIHI GUDA

Cikin 1778 wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, Kyaftin Kuk, ya iso tsibiran nan. Bai damu da sunan da masu ƙasa ke kiransu ba, sai ya raɗa musu Tsibiran Sanwici, don girmama ubangidansa Lod Sanwici, wanda ke shugabancin ma'aikatar jiragen ruwan yaƙi na Ingila a lokacin. Shi wannan basarake kuwa shi ne dai wanda burodin nan mai nama a tsaka ya ci sunansa, gama an ce ya kan sa a kawo masa shi haka don kada cin abinci ya tashe shi daga tebur. Sunan da Kuk ya sa wa tsibiran ya daɗe da mutuwa, amma ga shi ya komo a allon kowace rumfa, kafaɗa da kafaɗa da abincin masu ƙasa.

Poke kalma ce ta harshen Hawayi, ma'anarta a yanka abu gunduwa-gunduwa. Tun kafin Turawa su zo, masunta kan yanka kifin da suka kama kusa da gaɓa, su barbaɗa gishirin teku, su haɗa da ciyawar ruwa da su ke kira limu, da soyayyen ƙwallon itacen kukui dakakke. Mutanen nan kuwa ba su yi wa teku cin kaca-kaca ba. Suna da doka mai tsanani da a ke kira kapu, wadda ta raba shekara biyu tsakanin kifi iri biyu, aku da opelu: sa'ad da aka buɗe kamun wannan, an rufe na wancan, don kowanne ya sami damar hayayyafa. Sun kuma gina ɗaruruwan tafkunan kiwon kifi a bakin teku, da katangar duwatsu da ƙofa mai ratsi, ƙananan kifi su shiga su yi ƙiba su kasa fita.

Daga baya Turawan Amurka suka buɗe manyan gonakin rake, suka shiga ɗauko 'yan ƙodago daga nesa: mutanen Sin tun 1852, na Fotugal tun 1878, na Japan da yawan gaske tun 1885, na Koriya tun 1903, na Filifin tun 1906. Kowa ya zo da abin da bakinsa ya saba. Mutanen Japan, waɗanda dama sun iya cin ɗanyen kifi, su suka kawo romon waken soya mai gishiri, da ƙwarewa wajen kamun manyan kifayen tuna a tsakiyar teku. Ta haka poke ya koma yadda a ke ganinsa yau, da jan naman tuna, wanda a can a ke kira ahi. Masu binciken tarihin abinci sun ce wajen shekarun 1970 ne ya cika kantuna da wannan suna.

Masu gonakin raken nan su ne, da goyon bayan sojan ruwa na Amurka, suka tuɓe Sarauniya Liliuokalani ranar 17 ga Janairu 1893. Amurka ta haɗe ƙasar cikin 1898, ta mai da ita jiha ta 50 cikin 1959, sa'an nan cikin 1993 Majalisar Amurka ta nemi gafara a rubuce bisa abin da aka yi. Gonar rake ta ƙarshe ta rufe a tsibirin Mawi cikin 2016. Yanzu baƙi su ne raken Hawayi, su a ke nomawa, su a ke girbewa. Don haka zancen abin da a ke sayar musu, da wanda kuɗin ke shiga aljihunsa, zancen arzikin ƙasa ne ɗungum.

JA BA SHI NE SABO BA

A tashar jiragen ruwa ta Honolulu akwai kasuwar gwanjon kifi wadda ta ke ci tun 1952. Jiragen su kan yi mako biyu ko uku a teku suna shimfiɗa mamari mai tsawon mil da yawa, da dubban ƙugiyoyi. In sun komo, a sauke kifi da tsakad dare, a auna kowanne, a liƙa masa takarda mai sunan jirgi da nauyi, a jera bisa ƙanƙara. Da ƙarfe 5 da rabi na asuba a buga ƙararrawa, dillalai su bi layi suna duban tsokar da aka yanko daga wutsiya, suna taya. Kifin da ya bi ta nan an san asalinsa, ba a kuwa daskarar da shi ba. Yana da tsada, tsadar kuma ta kan hau ta sauka bisa ga abin da teku ya bayar.

Akwai kuma wata hanya. A kan kama tuna a ruwan Indonesiya, ko Filifin, ko Biyetnam, a yayyanka shi a can, a busa masa wata iska, a daskarar, a zubo cikin jirgi. Iskar nan ita ce kabon monoksaid, wadda kan kashe mutum in ya hura gawayi ya rufe ɗaki. Ɗan abin da a ke sa wa kifi ba ya isa ya cuci mai ci, amma aikin da ya ke yi shi ne abin dubawa. Naman tuna, in an yanka shi ya kwana biyu, ya kan juya daga ja zuwa ruwan ƙasa, da haka mai saye ke gane ya tsufa. Iskar nan kuwa ta kan kama jinin da ke cikin tsoka ta riƙe shi ja wur, ko da kifin ya daɗe, ko da ya fara lalacewa. Mai saye sai ya yi ta kallon kitse ga rogo. Tuna kuwa kifi ne wanda in ya sha zafi ya kan tara wani dafi mai sa ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai da amai, wanda ko dafuwa ba ta kashe shi, balle a ci ɗanye. Don wannan ne ƙasashen Tarayyar Turai da Japan da Kanada suka hana a yi wa tuna haka. Amurka ta yarda, bisa sharaɗin a rubuta a jikin ƙunshi.

To, amma wa ke ganin ƙunshi? Mai rumfa ne ya buɗe shi a bayan fage da safe, ya narkar, ya zuba romo, ya juye cikin tire. Dokar Amurka da ta ce a rubuta ƙasar da kifi ya fito ta ƙyale gidajen cin abinci, ta kuma ƙyale kifin da aka riga aka haɗa da wani abu. Da zarar an zuba albasa da romo, shi ke nan, kifi ya fita daga hannun doka. Ta wannan kafa ce kifin da ya yi tafiyar dubban mil ya ke zama a gaban baƙo da sunan harshen Hawayi, taku kaɗan daga teku.

Cikin 2025 Majalisar Dokokin Hawayi ta yi doka cewa kantunan da ke sayar da ɗanyen ahi yankakke su rubuta ƙasar da aka sauke shi, aka kuma tsai da 1 ga Yuli 2026 ranar fara aiki da ita. Wannan abin yabo ne. Amma mai rumfa bai kamata ya tsaya duban ko dokar ta hau kansa ko ba ta hau ba. Alli guda da allo guda sun isa, ba sai da lauya ba.

ABIN DA MASU RUMFA KE CEWA

Adalci ne mu ji ta bakinsu, gama suna da hujja. Na farko, su kan ce kifin gwanjo bai isa kowa ba, in kuwa kowace rumfa ta dogara gare shi, poke zai fi ƙarfin talaka, ya zama abincin masu kwana a manyan otal. Wannan gaskiya ce. Direba da mai shara da malamin makaranta na Honolulu su ma daskararren su ke saye a kanti ran da aljihu ya yi sanyi, ba kuwa wanda ya isa ya zarge su. Mu ma ba mu ce a hana sayar da shi ba. Daskararren kifi, in an adana shi da kyau, abinci ne mai kyau, sanyi mai tsanani ma ya kan kashe tsutsar da ke cikin waɗansu kifaye. Abin da mu ke cewa kurum a ajiye tire biyu, kowanne da sunansa da kuɗinsa, mai saye ya zaɓa da idonsa biyu. Akwai kantuna da rumfuna a can da su ke yin haka tun tuni, ba su kuwa karye ba.

Na biyu, su kan ce baƙo bai damu ba, gobe zai hau jirgi ya tafi. Lalle baƙo raɓa ne. Amma wannan hujja ce a kansu. Mai sayar wa maƙwabcinsa, in ya yi algus, gobe zai ji a jikinsa, kasuwa da kanta za ta hore shi. Mai sayar wa baƙo kuwa ba abin da ke tsare shi sai mutuncinsa. In ya sake shi, ba shi kaɗai ya ɓata ba. Masunci na gida, wanda ya sha iska da igiyar ruwa, shi ne zai kai kifinsa kasuwa ya tarar ana gwada kuɗinsa da na kifin da ya ci sunansa ba da izni ba. Mai rumfar da ke gefe, wanda ya tashi da asuba ya sayo na gwanjo, shi ne za a ce ya cika tsada. A kasuwar da ba a bambanta kaya, mai gaskiya shi ke biyan tara.

Na uku, su kan ce ai poke da kansa haɗe-haɗe ne, romon Japan, albasar Turawa, shinkafar da aka shigo da ita, to don me za a ware kifi a ce sai na gida? Burodin sanwici fa, alkamarsa ba daga ƙetare ta zo ba? Haka ne. An ƙiyasta kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na abincin Hawayi jirgi ke kawo shi. Amma ba wanda ya taɓa sayen burodi a Waikiki yana tsammanin a bayan gari aka nome alkamar. Kifi dabam ne, gama teku na gaban mai saye, hoton masunci na jikin allo, sunan abinci na harshen ƙasa ne. Duk waɗannan magana su ke yi, ko da mai rumfa bai buɗe baki ba. Wanda ya bar su suna faɗin abin da ya san ba haka ba ne, ya yi ƙarya da bakin wani.

NA GIDAN MA DA SAURA

Kada kuwa a ɗauka da zarar an ce kifin Honolulu ne an gama. Cikin 2016 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya bazu da wani rahoto wanda ya girgiza ƙasar. Ya nuna cewa a jirage wajen 140 da ke kamun kifi daga tashar nan, ma'aikata kusan 700 baƙi ne daga Filifin da Indonesiya da Biyetnam da Kiribati. Ba su da takardar shiga Amurka, saboda haka ko jirgi ya tsaya a tasha ba su da ikon fita su shiga gari. Waɗansunsu abin da su ke samu bai kai dala ɗaya a sa'a ba. Suna hangen fitilun otal-otal inda a ke cin kifin da suka kamo, amma ba dama su taka. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. Bayan rahoton, masu jiragen suka fito da takardar yarjejeniya iri ɗaya wadda kowane jirgi zai sa wa hannu kafin a karɓi kifinsa a gwanjo.

Mun kawo wannan ne don a ga amfanin sanin asali. Da ya ke kifin gwanjo na ɗauke da sunan jirgi, aka san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, aka kuma sami abin da za a matsa wa mai jirgi da shi. Kifin da ya zo cikin kwali, bayan ya bi hannu biyar a ƙasashe uku, wa za a tambaya? Rubuta asali ba ya wanke zalunci, amma shi ne matakin farko, gama ba a gyara abin da ba a san inda ya ke ba.

HAR SUNAN AN SO A ƊAUKE

Wajen 2015 poke ya ƙetare teku ya cika biranen Amurka, daga nan ya wuce Turai. Ana ta buɗe shaguna ana zuba mangwaro da masara da abin da duk aka ga dama, ana kiransa poke. Wannan ba laifi ba ne, abinci dama matafiyi ne. Amma cikin 2018 wani kamfani na birnin Shikago mai suna Aloha Poke Co., wanda ya yi rajistar sunansa, ya sa lauyoyinsa suka aika wa waɗansu masu shaguna takarda cewa su bar haɗa kalmomin nan biyu a sunan shagonsu. Cikin waɗanda suka sami takardar har da wani iyali 'yan asalin Hawayi da ke zaune a Alaska, waɗanda tilas ta sa suka sake suna, da wani shago a cikin Honolulu kanta, wanda ya ƙi. Aloha kuwa ita ce gaisuwar mutanen Hawayi, ita ce kuma kalmarsu ta ƙauna da jinƙai. Jama'a suka yi zanga-zanga a Shikago, kamfanin ya ba da haƙuri, ya ce bai kai kowa kotu ba.

Malaman makaranta za su fi kowa gane zafin wannan. Cikin 1896 aka yi doka cewa da Turanci kaɗai za a koyar a makarantun Hawayi, aka riƙa horon yara don sun yi harshen iyayensu, har harshen ya kusa ƙarewa. Sai cikin 1978 aka mai da shi harshen hukuma tare da Turanci, cikin 1984 kuma aka buɗe makarantar ƙananan yara ta farko da ke koyarwa da shi zalla. Mutanen da aka doki kakanninsu don sun faɗi kalma, su ne aka aiko wa jikokinsu takarda cewa kalmar ta zama kayan wani. Mai rumfar da ya rubuta aloha da poke a allonsa yana cin amfanin harshen nan kullum. Mafi ƙarancin abin da zai saka da shi shi ne kada ya rataya kalmomin a kan abin da ba shi ba ne.

HAKKIN DA KE KAN BAƘO

Baƙo ma da nasa. Mutumin da ya biya kuɗin jirgin sama na sa'a biyar ko goma, ya biya otal, bai kamata ya zo kan kwanon kifi sa'an nan ya tuna da tsimi ba. Ya tambaya da ladabi: kifin ina ne, sabo ne ko daskararre? In an ce masa yau ba na gwanjo, teku bai bayar ba, kada ya ɓata rai, gama wannan amsa alama ce ta mai gaskiya. Musulmin da tafiya ta kai shi can ya ƙara da tambayar abin da ke cikin sanwici, don naman alade ya yi yawa cikin abincin ƙasar.

Ya kuma san inda kuɗinsa ke sauka. Hawayi na cikin wuraren da suka fi tsadar zama a duk Amurka, musamman kuɗin gida. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa 'yan asalin Hawayi da ke zaune a sauran jihohin Amurka sun fi waɗanda suka rage a tsibiran yawa. Bayan gobarar da ta cinye garin Lahaina ranar 8 ga Agusta 2023, ta kashe mutum fiye da 100, gardama ta tashi a kan gidajen da a ke bai wa baƙi haya alhali masu gari ba su da wurin kwana. Kwanon poke ba zai warware wannan ba. Amma dalar da ta shiga rumfar iyali, ta wuce hannun dillalin gwanjo, ta kai ga manomin albasa da mai tara limu, ta yi zagaye cikin gari kafin ta fita. Wadda ta sayi kwalin daskararre kuwa rabinta ta riga baƙon hawa jirgi.

Masu ƙasa ba su zauna jiran kowa ba. A Heeiya, cikin tsibirin Owahu, wata ƙungiya ta ɗauki gyaran tsohon tafkin kifi mai faɗin eka 88 tun 2001, 'yan makaranta na zuwa suna ɗaukar dutse suna koyon aikin kakanni. A Hanapepe, cikin tsibirin Kawayi, waɗansu iyalai har yanzu suna yin gishirin teku yadda suka gada, al'adarsu kuwa ba a sayar da shi, sai dai kyauta ko musaya. Mutanen da ke riƙe da abinsu haka sun cancanci a faɗi gaskiya da sunansu.

ABIN DA YA SHAFE MU

Jama'a, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsirenmu ya kai London da Niyok da sunan suya, kilishi na tafiya cikin leda zuwa ƙasashen da ba su san yadda a ke shanya shi ba, bandar Tafkin Chadi na cika kasuwannin kudu, baƙi na zuwa kallon su a Argungu. Ranar da wani zai yi rajistar ɗaya daga cikin sunayen nan a wata ƙasa, ko ya zuba wani abu cikin leda ya kira shi da su, ba ta da nisa. Ma'aikatan da ke kula da kasuwanni da ba da lasin, tun da suna duban mudu da sikeli, sai su haɗa da duban abin da aka rubuta a jikin kaya. Malamai kuma su koya wa yara sunan kowane abinci namu, da inda ya fito, da hannun da ya yi shi, gama abin da ka san asalinsa da wuya a ƙwace maka.

Mai rumfa a Waikiki kuwa, abin da a ke nema gare shi bai wuce layi biyu a allo ba: wannan na jiya ne daga gwanjo, kuɗinsa kaza, wannan daskararre ne daga ƙasa kaza, kuɗinsa kaza. Zai yiwu ya rasa ɗan wani abu yau, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya ba mu ciniki na halal, amin.